Kawu Ya Ƙi Buɗe Ƙofa

Saura kaɗan Auta ta fasa rubuta takardar. Sau uku tana yago shafi daga tsohon littafin awon ɗinkin Umma, sau uku tana dunƙule shi ta jefa bayan ƙofa. A aji huɗu karatunta ya tsaya, kuma har yau rubutunta idan ya fara a kan layi sai ya gangara ƙasa kamar mai neman wurin zama. Ga shi abin da take so ta rubuta ɗin ma ba ta san sunansa na gaskiya ba. Amma ranar Alhamis ce, kuma Yaya ya riga ya faɗa da bakinsa cewa ranar Asabar masu yankan tsofaffin motoci za su zo su ja motar Baba.

Farar motar kaya ce mai rufaffen baya, irin wadda injinta yake ƙarƙashin kujerar gaba. Shekara ashirin da biyu Baba yana tuƙa ta, yana kwaso kwalayen sabulu da katifu da buhunan ƙusa daga manyan ɗakunan ajiya yana raba wa masu shaguna. Wata takwas da suka wuce ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta ɗauke sai kalma ɗaya ko biyu da ƙyar. Yaya, babban wansu, shi ya karɓi makulli. Ba a yi wata shida ba motar ta fara zafi. Da an ɗan yi tafiya sai allurar awon zafi ta haura jan layi, tururi ya turnuƙe gaban motar. Bakaniken da kowa ke kira Injiniya ya wanke lagireto, ya sauya murfinsa, ya sauya fanbel mai juya fanka, abu ya ƙi. A ƙarshe ya goge hannu ya ce inji ya gaji, buɗe shi wahalar banza ce.

Kujerar Baba tana bakin tagar falo, inda yake hango ƙofar gida. Duk ranar da Yaya ya dawo da motar tana huci, sai Baba ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya ce, "Kawu."

Aka ɗauka ƙanin Umma yake nema, wanda duk gidan ke kira Kawu, tsohon mai gadin wani ɗakin ajiya. Ranar Laraba aka aika ya zo, ya zauna a gaban Baba ya kama hannunsa.

"Ga ni, maigida. An ce kana ta kirana."

Baba ya leƙa ta gefen kafaɗarsa yana kallon taga. Ya yi ta kokawa da harshensa, sannan maganar ta fito a jere, abin da ya daɗe bai yi ba. "Kawu ya ƙi buɗewa."

Kawu ya saki hannun. "Au, har yanzu maganar nan ce? Shekara goma sha biyar! Rana ɗaya na hana ka shiga bayan an tashi, ruwan sama ya ɗan taɓa ka, shi ne ka riƙe har kan kujerar jinya? Doka ce, ba ni na kafa ta ba."

"Haba, ka yi haƙuri," in ji Umma. "Ba ka ga halin da yake ciki ba? Ba ya sanin abin da yake faɗa."

Kawu ya zura takalmansa ya fita, ko ruwan da aka kawo masa bai sha ba.

Auta tana tsaye a ƙofar kicin da faranti a hannu. Duk kwanakin nan kalma ɗaya take ji, ita ma ta ɗauka Kawu mai ƙafa biyu ake nufi. Sai da ta ji maganar ta cika, sannan ta tuna da wani Kawun.

In'ina ce ta fitar da ita daga makaranta. Da malam ya tsayar da ita karatu sai kalma ta maƙale mata, aji ya ɗauki dariya, har ta kai kullum da safe sai ciwon ciki ya kama ta. Baba bai yi faɗa ba. Ya ce a bar ta ta huta tukuna, ya ɗora ta a kujerar gaba suka tafi aiki. Hutun da ba ta koma ba ke nan. Shekara biyar tana zaune a wannan kujera, wadda ɗumin inji ke ratsowa ta ƙarƙashinta, ƙafafunta ba sa kai ƙasa, warin sabulu da man inji ya kama duk kayanta. A cikin motar ba ta cika in'ina ba, don Baba ba ya kallon bakinta, hanya yake kallo.

Kullum da safe, kafin ya tayar da motar, sai ya ɗage kujerar ya ce, "Zo mu gaida mutanen gida."

Ya fara nuna mata faffaɗan ƙarfen nan mai ƙananan ramuka kamar saƙar zuma, wato lagireto. "Wannan Ummanku ce. Duk wanda ya ɗebo zafi a waje, wurinta yake kawowa, ta sanyaya shi ta mayar." Fankar da ke bayansa kuwa Gwaggo ce, yayar Baba, wadda da abu ya yi zafi za ka ji muryarta har bakin titi, amma in babu ita an shiga uku. Murfin da ke sama Kaka ce, ba a taɓa ta idan ranta ya ɓaci, sai ta huce, in ba haka ba ta ƙona maka fuska. Famfon da ke tura ruwan, can ƙasa inda ba a gani sosai, ya ce shi ne. "Kullum ina juyawa, ba mai tunawa da ni sai ranar da na tsaya."

"Ni fa?" Auta ta tambaya.

Ya ƙwanƙwasa wata 'yar farar gorar roba da ke maƙale a gefe, da siririn tiyo a bakinta. "Ga ki nan. Ba kya magana. In ruwa ya yi wa kowa yawa ya tumbatso, ke kike karɓa ki ajiye. In an huce, sai ki mayar musu da abinsu."

Sannan ya kama yatsanta ya bi da shi kan tiyon sama mai kauri, har inda ya shige jikin inji a bayan wani ƙarfe, wurin da wani ɗan ƙoƙo yake ɗaure da noti biyu. "A cikin nan Kawunku yake zaune. Mai gadi. Ruwa ya zo zai wuce wurin Umma, ya ce ina, ba yanzu ba. Sai ya ga ka tafasa tukuna zai buɗe maka ƙofa." Suka yi dariya har Baba yana share hawaye da bayan hannu. Ya ce kada ta kuskura ta faɗa a gida.

Ba ta faɗa ba. Shekara goma sha ɗaya ke nan.

Da yammacin Larabar ta sami Yaya yana wanke ƙafa a bakin famfo. "Yaya, Ka... Ka... Kawun da Baba..."

"Don Allah Auta, kar ki ƙara min da maganar Kawu. Kaina ya ɗau zafi fiye da motar."

Shi ya sa ta koma ga takarda. A karo na huɗu ba ta fara da rubutu ba, zane ta fara. Ta zana lagireto da ramukansa, ta zana tiyon sama, ta bi shi har ɗan ƙoƙon nan, ta kewaye shi da biro sau biyu. A ƙasa ta rubuta abin da ta iya, ta ninke takardar ta sa ƙarƙashin abin sallarta. Bayan la'asar ta ciro ta za ta yaga, sai ta ji Baba yana tari a falo, ta mayar.

Ranar Juma'a da hantsi ta yafa mayafi ta nufi gareji. Tun tana ƙarama rabonta da layin, amma bai sauya ba: ƙasa baƙa da tsohon mai, tayoyi jibge a bakin kwata, mai faci yana ta bugun ƙarfe, mai shayi a ƙarƙashin rumfar kwano. Motar tana can ƙarshe, an riga an cire mata rediyo da tayar safaya. Yaya yana kwashe igiyoyi daga baya.

"Ke kuma lafiya? Wani abu ya sami Baba?"

Ta girgiza kai. Ta wuce shi ta miƙa wa Injiniya takardar da hannu biyu, idonta a ƙasa.

Injiniya, wani kakkauran mutum mai tabarau ɗaure da zare, ya buɗe ta da yatsu biyu don kada ya ɓata. Ya karanta a fili, a hankali, yadda aka rubuta.

"Ina kwana Injiniya. Baba ya ce Kawu ya ƙi buɗewa. Kawu yana cikin nan. A tayar da mota. In allura ta hau a taɓa Umma. In Umma da sanyi to Kawu ne."

Mai faci ya ajiye gudumarsa. "Kawu yana cikin inji? Kai, ashe shi ya sa motar take nauyi!"

"A taɓa Umma kuma?" in ji mai shayi. "Injiniya, ka rufa wa kanka asiri, kana da iyali."

Dariya ta ɓarke har ƙarshen layi. Auta ta ji kamar ta koma aji huɗu, kunnuwanta suka yi zafi, ƙafarta ta fara neman hanyar gida. Yaya ya kai hannu zai karɓe takardar.

"Yi haƙuri, Injiniya. Rashin lafiyar tsohon ce ta taɓa kowa a gidan."

Amma Injiniya bai saki ba. Ya daina dariya, ya kai takardar kusa da tabarau yana duba zanen. "Tsaya. Wa ya zana wannan?"

Auta ta ɗaga yatsa kaɗan.

"Wannan ai gidan tamostat ne." Ya juya wurin Yaya. "Tamostat, ɗan abin da ke tare ruwa har sai inji ya yi ɗumi. Amma ƙanwata, babu shi a motar nan. Wace mota ce za ta shekara ashirin a hannun kanikawa da tamostat a cikinta? Ranar farko ake cire shi a jefar. Ni ko dubawa ban yi ba, don na san wayam ne."

Ta girgiza kai da ƙarfi.

"Yana nan?"

Ta gyaɗa kai.

Injiniya ya dubi Yaya. "Kafin ni, wa yake yi wa tsohon gyara?"

Yaya ya ce, "Birki da giya yana kaiwa. Amma wajen ruwa, ban taɓa ganin ya bar wani ya sa hannu ba."

"To kawo makulli. Tayarwa ai ba ta cin komai."

Aka cika ruwa, aka tayar. Motar ta yi tari sau biyu ta kama, da wannan karkarwar tata da Auta za ta gane ko a cikin motoci ɗari. Suka tsaya suna kallon allura tana tashi kaɗan-kaɗan. Ta wuce rabi. Ta doshi ja. Injiniya ya kashe, ya ɗage kujera, zafi ya bugi fuskokinsu. Sai ya tsaya yana murmushi.

"To, wace ce Umma a nan?"

Auta ta matso. Ta naɗe bakin mayafinta, ta zura hannu ta gefen fanka yadda Baba ya koya mata, ta ɗora tafinta a jikin lagireto. Sanyi ƙalau, kamar randa. Ta kama hannun rigar Yaya ta ja, shi ma ya taɓa, ya ɗago yana kallonta baki buɗe.

Injiniya ya taɓa, ya matsa tiyon sama, ya cije leɓe. "Inji yana tafasa, lagireto yana barci. Ruwan ba ya zuwa ma sam. Kai, ni da aka haifa a ƙarƙashin mota!" Ya ɗaga murya. "Mai faci, daina dariya ka miƙo min sufana goma sha biyu."

Sai da suka jira inji ya huce. Notin biyu sun yi tsatsa, ɗaya sai da aka jiƙa shi da mai. Da ƙoƙon ya buɗe, ga shi nan zaune, ɗan abu kamar murfin kwalba mai ƙarfen nannaɗe a gindi, ya yi kore don tsufa. Injiniya ya ɗaga shi sama kowa ya gani.

"Jama'a, ga Kawu."

Ya aro tsohuwar tukunya wurin mai shayi, wanda ya rantse ba zai ƙara dafa komai a cikinta ba. Yaya ya tsallaka shagon kayan gyara ya dawo da sabo a kwali. Aka jefa duka biyun cikin ruwa aka ɗora a wuta, manya-manyan maza suka kewaye tukunya kamar masu jiran abinci. Da ruwa ya fara ƙananan kumfa, sabon ya buɗe baki a hankali. Tsohon ko motsi. Ruwa ya tafasa har yana zuba, yana nan a rufe.

"Wallahi ko ni na san wannan Kawun," in ji mai faci. "Irinsa ne ya hana ni shiga asibiti ranar da matata ta haihu."

Injiniya ya tsamo su da filaya. "To yanzu shawara. A mayar da sabon shago, a rufe gidan haka nan. Ruwa ya yi ta yawonsa ba mai tare shi, kowa ya huta. Haka muke yi."

Yaya ya buɗe baki zai ce to.

"A'a."

Duk suka juyo. Auta ta ji kalma ta gaba ta maƙale mata. Ta dubi kujerar da aka ɗage, ta ƙi kallon kowa.

"Ba... Ba... Baba ya ce, in babu Kawu, inji ba ya ɗumi da safe. Yana cin mai. Yana sa... saurin tsufa. Ya ce ba a korar mai gadi don ya cika tsanani."

Ba wanda ya yi dariya. Injiniya ya sosa ƙeya da gindin filaya. "Gaskiya ne kuwa. Mu dai mun saba ne." Ya miƙa mata sabon. "Zo ki sa da hannunki, ni in ɗaure. Kin san ta inda yake fuskanta?"

Ta sani. Ƙarfen nannaɗe yana kallon inji.

Saura abu ɗaya, ko zafin da motar ta sha ya riga ya lalata injin. Injiniya ya ce baki ba zai faɗa ba, sai hanya. Suka loda tsofaffin tayoyin mai faci a baya don nauyi, Yaya ya tuƙa, Injiniya a bakin ƙofa, Auta a tsakiya. Yanzu ƙafafunta suna kai ƙasa, har sai da ta lanƙwasa gwiwa. Suka bi hanyar bayan gari mai hawa, inda kullum motar take karaya. Allura ta tashi ta kai rabi. Auta ta ƙura mata ido. Allura ta ɗan leƙa sama da rabi, ta tsaya, sannan ta sauko kaɗan ta zauna.

"Ya buɗe," in ji Yaya a hankali.

Sau uku suna hawa suna sauka. A na ukun Yaya ya tsaya a gefen hanya, ya ciro waya ya kira masu yankan motoci ya ce kada su wahalar da kansu gobe.

Kafin magariba Umma ta sake aikawa a kira Kawu. Ya zo yana cin magani, ya ƙi zama. Auta ta wanke tsohon tamostat ɗin da toka, ta kawo shi a kan faranti ta ajiye a cinyar Baba. Baba ya dube shi, ya dube ta. Rabin fuskarsa mai lafiya ya fara rawa, sai ga dariya, irin wadda ba a ji ba tun wata takwas, tana fita da ƙyar tana haɗuwa da tari.

"Kawu," ya ce, yana nuna farantin.

Yaya ne ya yi bayani, yana yi yana kallon Auta ko ya yi kuskure. Kawu ya saurara har ƙarshe, ya ɗauki abin yana juya shi.

"Wato shekara da shekaru ina cikin injin motarka, ana dafa ni, ban sani ba."

"Ni ma ai ina ciki," in ji Umma tana goge ido da gefen zani. "Wai ni ce mai ramuka."

"Ke ai an yaba miki. Ni fa? Ɗan wannan abin? Ko girma ba a ba ni ba." Ya juya wurin Auta. "Ke 'yar gidan Baba, faɗa min gaskiya. An ce kowa cire shi yake ya jefar?"

Ta gyaɗa kai.

"Shi kuma bai cire ba?"

"Bai ta... taɓa yarda ba, Kawu."

Kawu ya jawo kujera ya zauna kusa da Baba, ya zura abin a aljihun rigarsa. "To nawa ne, na ɗauka. Kuma ka sani, maigida, ko gobe ka zo bayan an tashi, ba zan buɗe ba." Ya ɗaga murya wajen kicin. "Ina ruwan da aka kawo min shekaranjiya?"

Washegari da sassafe, kafin Yaya ya fito, Auta ta ɗauki buta da tsumma ta fita ƙofar gida. Ta ɗage kujerar gaba. Inji ya kwana ya huce, don haka ta murɗe murfin lagireto ba tsoro, ta leƙa, ruwa yana nan har wuya. Ta matsa tiyon sama da na ƙasa, ta ja fanbel da yatsa ta ji tsaurinsa. 'Yar farar gorar ce kawai ta ɗan sauka ƙasa da layi. Ta ƙara mata ruwa, ta goge mata ƙura. Da ta ɗago, Baba yana bakin taga an riga an zaunar da shi, yana kallonta. Ta ɗaga masa butar ya gani, sannan ta mayar da kujerar ta shiga ta tashi Yaya.